Takardar lafiyar kaya: abin da raguna 11 suka koya mini a bakin iyaka

Duk shekara, da zarar watan Zulƙida ya tsaya, wayata ba ta hutawa. Wannan ya kira daga Tawa, wancan daga Madawa, wani daga nan cikin zangon Kumasi, tambayar kuma ɗaya ce: "Alhaji, wa ka sani da zai fitar mana da takardar likita da wuri-wuri?" Amsata ba ta canza ba tun 2016. Nakan ce ban san kowa ba sai likitan kansa, ku kai masa dabbobin ya gani da idonsa. Wasu su yi dariya, wasu su ce Alhaji ya zama ɗan boko da furfura. To yau na ce bari in zauna in rubuta dalilina, ko yaranmu masu tasowa a harkar, da matanmu da ke zuba kuɗin adashinsu cikin jarinmu, za su amfana.

Na haura shekara 30 ina zaune a Kumasi. Da albasar Galmi na fara, ina yaron wani maigida, Allah ya jiƙansa. Daga baya na haɗa da wake da gyaɗa, in layya ta matso kuma in sauko da raguna. Ban yi nisa a boko ba. Abin da na sani a hanya na koye shi, wani da tambaya, wani da asara. Wannan na takardar lafiya da asara na koye shi.

Ranar da aka ƙirga raguna

Babbar Sallar 2016 a watan Satumba ta faɗo, damina ba ta ɗauke ba. Na tara raguna 80 a kasuwannin gida, balami da uda, masu kyan gani. Rabin kuɗin nawa ne. Sauran kuwa adashin uwargida ne, da abin da muka ware na kayan ɗakin 'yarmu ta fari, wadda aka sa bikinta wata ɗaya bayan Sallah. Lissafina in juya kuɗin sau ɗaya, a yi biki cikin wadata.

Lokaci ya ƙure, ofishin likitan dabbobi kuma cike yake maƙil. Sai wani ɗan kamasho ya same ni a tasha, ya ce in ba shi sunana da lambar mota da yawan raguna, kafin la'asar takarda za ta zo. Ta kuwa zo, da hatimi da sa hannu, ba tare da kowa ya buɗe bakin rago ko ɗaya ba. Na biya shi fiye da abin da ofis ke karɓa, ina murna na tsira da kwana biyu. A hanya muka tsaya wata kasuwa, na ga raguna 16 da araha, mai su yana ta gaggawar rabuwa da su. Ban tambayi dalilin gaggawar ba. Na saya na loda su cikin na farko.

Kwana biyar muna tafe. A wata iyaka da ba zan faɗi sunanta ba, wata matashiyar likita, sa'ar 'yata, ta karɓi takardar, ta hau motar da kanta ta ƙirga. Ta sauko ta ce, "Baba, takardarka 80 ta ce, ni kuma 96 na gani. Ga uku can majina ta toshe musu hanci, bayansu duk zawo." Na ce, "Likita, ai wahalar hanya ce da dukan ruwa." Ta ɗaga leɓen ɗaya ta nuna mini miki a dasashinsa. Na ja ta gefe yadda muka saba, na sa hannu aljihu. Ta ce, "Baba, mayar da kuɗinka. In na bar motar nan ta wuce, tumakin mutane nawa za su mutu a gaba?"

Annobar tumaki da awaki ce, wadda likitoci ke kira PPR. Muguntarta, dabba takan ɗauke ta kwana huɗu zuwa shida tana cin abinci lafiya lau kafin alama ta fito, a cikin mota kuwa numfashin wannan a hancin wancan yake sauka. Aka sauke su aka killace. Mako uku muka yi a wurin, ina sayen harawa da dusa da tsadar tsiya, ina biyan magani. A bakin iyaka na yi sallar Idi. Raguna 11 suka mutu aka binne, yawancinsu cikin 16 ɗin nan na araha. Abin da ya rufa mini asiri, da yawa daga na farkon an yi musu rigakafin gwamnati tun suna hannun makiyaya. Sauran a rame na sayar wa mahauta da kuɗin nama.

Da na iso gida uwargida ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Alhaji, me za mu gaya wa dangin mijin?" Wata bakwai aka ɗaga bikin. Har yau in na tuna ranar da na durƙusa gaban surukai ina roƙon a ƙara mana lokaci, sai in ji kunya ta rufe ni.

Takarda uku ce, ba ɗaya ba

Yawancinmu "takarda" kawai muke cewa, mu haɗa ta kwastan da ta lafiya a buhu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Ta kwastan, ko duwan a bakin mutanen Nijar, maganar kuɗin gwamnati take yi. Ta asalin kaya tana faɗin ƙasar da aka noma su ko aka sarrafa su. Ta lafiya kuwa shaida ce daga gwamnatin da kaya suka fito zuwa gwamnatin da za su shiga, cewa ma'aikacinmu ya duba kayan nan, bai ga cuta ko ƙwaro ko guba da za su cuce ku ba. Ita ma kashi uku ce.

Ta farko ta kayan gona ce: albasa, wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo, citta, goro, aya. 'Yan tiransit na ƙasashen Faransanci "fito" suke ce mata, guntun dogon sunanta na boko, ba fiton 'yan sumoga ba. A Nijar hukumar kare tsirrai ta DGPV ke bayar da ita, a Najeriya hukumar NAQS, a Ghana kuma PPRSD da ke ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma.

Ta biyu ta likitan dabbobi ce. Ita ke bin dabba mai rai, da nama, da kilishi, da fata da ƙirgi, da ganda, da kaji da ƙwai, da madara. Likitan gwamnati ne ke sa mata hannu, ko wanda gwamnati ta ba izini a rubuce. Mai shagon maganin dabbobi na bakin kara, komai ƙwarewarsa da allura, hannunsa ba ya ƙetare iyaka.

Ta uku ta abincin da aka sarrafa aka ƙulle a leda ko kwalba ce, irin su yaji, man gyaɗa, garin kunu, ƙuli-ƙuli. A Najeriya aikin NAFDAC ne, a Ghana na FDA. Su ba kayan kaɗai suke dubawa ba, har wurin da ake yin su, da ruwan da ake aiki da shi, da abin da aka rubuta a jikin leda na ranar yi da ranar lalacewa.

Akwai wata da ke ruɗa mutane, takardar ƙetarawar makiyaya da ECOWAS ta tsara a 1998. Wannan ta mai garke ce da zai haura neman ciyawa da ruwa ya dawo. Ɗan kasuwa mai raguna a cikin mota ba da ita zai wuce ba.

Ba ma'aikatan boda suka ƙirƙiro ta ba

Na daɗe ina zaton wata dabara ce ta cin kuɗin talaka. Zaman killacewar nan ne ya sa na yi ta tambaya, na kuma sa yara suka riƙa karanta mini. Ashe asalin abin daga fatauci irin namu ne. A 1920 aka ɗauko shanu daga Indiya za a kai Birazil, jirgin ya yada zango a tashar Antwerp ta Beljiyam, sai bushiya ta ɓarke a ƙasar. Wannan ya sa a 1924 ƙasashe 28 suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris, wadda a da ake kira OIE, yanzu WOAH. Dattawanmu sun san bushiya, ita ce ta share garkuna a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma dawo a shekarun 1980. Da rigakafi da tsare iyakoki aka ci ƙarfinta, har a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya. PPR ɗin da ta ci mini raguna 'yar uwarta ce, ita ma an sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan gamawa da ita.

Ta kayan gona kuma daga wata yarjejeniya ta 1951 ta fito, ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Amfanin sanin wannan biyu ne. Na ɗaya, tsarin takardar kusan ɗaya ne a ko'ina, abin da ke rubuce da Faransanci a ta Yamai shi ne da Ingilishi a ta Accra, don haka ma'aikaci ya san gurbin da zai duba ko bai ji yaren ba. Na biyu, fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta soke ta ba, tunda ba dokar ECOWAS ba ce tun farko.

Yadda nake nemanta yanzu

Daga ƙarshen tafiya nake farawa. Kafin in sayi buhu ɗaya ko rago ɗaya, sai na san abin da ƙasar da zan kai take so. Ghana, alal misali, tana buƙatar izinin shigowa daga ofishin likitocin dabbobi ko na PPRSD tun kaya ba su taso ba, kuma a jikin izinin ne ake rubuta sharuɗɗan da likitan can gida zai shaida. Nakan kuma tambayi ko ƙasar da zan ɗauko ta buɗe ƙofa. A 2025, ana gab da layya, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi. A irin wannan lokaci ko takardarka ta zinariya ce ba inda za ka.

Sai rajista. Ofis ba ya ba mutumin da ba shi da suna a littafi. A Najeriya mai fitar da kaya yakan yi rajista da hukumar NEPC, a Nijar kuma sai da rajistar kasuwanci da lambar haraji. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu 20 ko 30 kada wannan ya tsorata shi. Amfanin ƙungiya ke nan: a haɗa kaya mota guda, a nemi takarda da sunan ƙungiya ko na wanda ke da rajista, a raba kuɗin bisa yawan buhu, a rubuta a littafi kowa ya sa hannu.

Na uku, a kira ma'aikaci tun kaya na ƙasa. In an riga an ɗaure tamfol, buhun sama kaɗai zai gani, shi kuma na can gaba yana iya cewa a sauke duka. Ga dabbobi, ina kai su wurin likita mako uku kafin tafiya, a yi rigakafin da ya kamata, PPR ga tumaki da awaki, ciwon huhu ga shanu, in ajiye su wuri ɗaya ban haɗa su da baƙi ba. Rigakafi ba ya kama jiki a ranar da aka yi shi, allurar daren tafiya ta ganin ido ce kawai. Ga kayan gona, ma'aikaci zai soke buhuna ya ɗebi samfur. In ya ga ƙwari zai sa a turara kayan da magani a ƙarƙashin tamfol na 'yan kwanaki, a rubuta sunan maganin da ranar a jikin takarda. In ƙasar da za a kai tana son gwaji, sai a aika samfurin ɗakin gwaje-gwaje a jira sakamako.

Na huɗu, ba na barin ofis sai an karanta mini takardar kalma-kalma. Babban ɗana ke yi mini wannan. Sunana, sunan mai karɓa, yawan buhu ko kawuna, nauyi, lambar mota, iyakar da za a shiga ta, kwanan wata. Harafi ɗaya in ya kauce a lambar mota, kwana biyu ne a bakin boda. Kada kuma ka goge ko ka gyara da bironka, duk gyaran da ofis bai buga wa hatimi ba yana kashe takardar. In mota ta lalace aka juye kaya a wata, a koma ofis mafi kusa a sanar.

Na biyar, abin da aka rubuta shi ake ɗauka. Ba ƙari a hanya, ko da kyauta aka ba ka. Takardar kuma ba ta tsufa a aljihu. Tarayyar Turai ba ta karɓar ta kayan gona in an bayar da ita fiye da kwana 14 kafin kaya su bar ƙasa, ta dabbobi ma kwanakinta ƙidayayyu ne. Ta asali tana hannun direba cikin leda, kwafi yana wurina, hotonta kuma na tura wa mai karɓar kaya ta WhatsApp. Rasit na kowane kuɗi da na biya a ofis yana manne da kwafin. Yanzu ma an fara aika ta kayan gona ta kwamfuta daga hukuma zuwa hukuma, Ghana na cikin ƙasashen farko da suka gwada tsarin. Ranar da ya game ko'ina, kasuwar masu hatimin jabu ta mutu.

Abin da ke kayar da kaya tun daga sito

Ma'aikaci ba ya sa wa kaya lafiya, abin da ya tarar yake rubutawa. Lafiyar tun daga gona da sito take farawa, a nan ne kuma muka fi cutar kanmu.

Ɗauki wake. Don gudun ƙwari, da yawanmu kan yayyafa masa fiya-fiya kafin a ɗinke buhu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda wannan maganin. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, aka riƙa samun har 4.6. Suka tsawaita hanin a 2016, shekaru suka yi ta tafiya ƙofar na rufe. Wanda ya zuba maganin da wanda bai zuba ba duk aka haɗa su. Tambayar da nake yi wa 'yan uwa ita ce, waken da Bature ya ƙi, wa ya cinye shi? Mu ne, da 'ya'yanmu, a ƙosai da alala da wake da shinkafa. Alhali ga buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa a arewacin Kamaru. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam, iska ce ke ƙare wa ƙwarin su mutu, ba digon magani. Tunda na koma kansa ban sake jin warin fiya-fiya a sitona ba.

Ghana ma ta ɗanɗana. Daga ƙarshen 2015 zuwa ƙarshen 2017 Turai ta rufe ƙofa ga barkono da yalo da wasu kayan lambu uku na ƙasar, saboda ƙwarin da ake ta samu a cikinsu duk da suna ɗauke da takarda. Sai da aka gyara yadda ake dubawa aka buɗe. Ka ga ke nan takardar da aka bayar ba dubawa, ƙasa guda take ja wa baƙin jini.

Gyaɗa da masara kuma matsalarsu fumfuna ce. In an shanya su a ƙasa mai laima, ko aka ɗinke buhu ba su gama bushewa ba, fumfunar kan haifar da wata guba, aflatoksin. Ba ta da ɗanɗano, suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tsumburar da yara. Turai ba ta yarda ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye. Abin takaici, tsintacciyar gyaɗar da muka ware, mai baƙi da mai tsamurewa, ita muke sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da araha. Maganin abin a shanya a kan tamfol, a tsince, a jera buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango, marar kyan kuma a zubar. Ga manomi akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin fure.

Sai allurar da muke ɗirka wa dabbobi ranar lodi don su jure hanya. Kowace kwalba akwai kwanakin jira a jikinta kafin a ci naman, na allura mai daɗewa a jiki yakan kai mako uku zuwa huɗu. Ragon da aka yi wa ita ranar Litinin aka yanka ranar Asabar, da maganin iyali za su ci shi.

Shekarar saifa

Wanda ke ganin killacewa zalunci ce ya tuna 2023. A farkon Yunin shekarar, Sallah saura 'yan makonni, ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Ghana, yankin Bolgatanga da Bawku, ya kama dabbobi har da mutane. Hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da shanu da tumaki da awaki a yankin na tsawon wata guda, aka shiga rigakafi. Najeriya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda, a watan Yuli kuma ta tabbatar da cutar a wata gona kusa da Suleja.

Alamarta, dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura. Mu kuma al'adarmu a yi maza a sa wuƙa kafin ta zama mushe. Wannan wuƙar ita ce masifar, don da an buɗe cikin, ƙwayar cutar ta samu iska ta yi ɓawo, ta zauna a ƙasa shekaru aru-aru, ta kuma bi fata da ƙirgi duk inda aka kai su. Mahauci, mai fiɗa, majemi, matar da ta wanke kayan ciki, duk suna cikin haɗari. Irin wannan dabba ba a yanka ta, ba a feɗe ta, likita ake kira a binne ta da zurfi ko a ƙone.

Ƙunshin uwargida

Wannan kuma naku ne, iyayenmu mata. Shekarun baya uwargida ta kwana biyu tana dambun nama, ta haɗa da kilishi da man shanu, ta ba wani ɗan unguwa da zai koma Italiya ya kai wa ɗan ƙanwarta. A filin jirgi aka buɗe jaka aka zube su a kwandon shara, yaron ya tsira da gargaɗi. Ta yi kwana uku tana cewa baƙin ciki ne kawai irin na Turawa.

Dokar Tarayyar Turai ce: matafiyi daga ƙasashenmu ba ya shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, komai ƙanƙantarsa, komai bushewarsa. Tsoronsu boru, ciwon baki da kofato, wanda a 2001 ya sa aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya. Amma busasshen kifi ko banda an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2. Tun Disamban 2019 kuma ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu sai da takardar fito ko a jakar hannu suke, ban da dabino da ayaba da abarba da kwakwa da wani ɗan itacen Asiya, duriyan. Hajiya, in za ki yi tsaraba, ki yi da kifi da zuma da dabino. Abin da ake shakka kuma yaro ya faɗa da bakinsa kafin a tambaye shi, ɓoyewa ce ke jawo tara.

Maganar hanya

Na san abin da wani zai ce: "Alhaji, ko da takarda ko babu, a kowane shinge sai ka ba da na goro." Gaskiya ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Har gobe ana karɓa, wani ofishin yana da nisa, wani ma'aikacin sai ka biya masa kuɗin mai kafin ya zo duba kaya. Amma na gwada hanya biyun. Mai takardar gaskiya abin da ya ga dama yake miƙawa, in aka matsa ya ce a rubuta masa rasit, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Mai ta jabu kuwa abin da aka yanka masa yake biya, don ya san in aka buga waya ofishin da aka ce ya bayar, shi da kayan sun shiga uku. Albasa kuma ba ta jiran shari'a, kwana uku a rana ƙarƙashin tamfol ta fara ruwa.

Bayan haka akwai hakki. Cinikin da aka ɓoye aibin kaya ba shi da albarka, wannan tun muna makarantar allo muke ji. Takardar da ta ce an duba alhali ba a duba ba, shaidar zur ce muka saya da kuɗinmu.

'Yar tawa yanzu 'ya'yanta uku. Babban, duk layya shi ke riƙe mini igiya in likita ya zo duba raguna, yana ƙirgawa da ƙarfi, likita na rubutawa. Bara ya ƙirga 60, takarda ta ce 60, a iyaka ma 60 aka samu, ko awa biyu ba mu yi ba muka wuce. Likitar nan kuwa ban sake ganinta ba, an ce an canza mata wurin aiki. In Allah ya sa wannan rubutu ya kai gare ta, 'yata, Baba mai raguna 96 yana gaishe ki, ya kuma gode.

Allah ya kai kayanmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu, ya maido kowa gidansa cikin rufin asiri.